Kada Ki Kai Musu Muryar Baffanki

Daga Wurno, cikin damina.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida gwaggonki da mutanen gidanta nan Sakkwato, da fatan kin iske su lahiya. Allah shi tsare ki a mota, shi tsare ki a jirgi, shi sauke ki cikin mutanen kirki a ƙasar da za ki. Mahaifiyarki za ta kawo maki wagga takarda tare da yajin da kinka manta. Ki nemi wuri ki zauna, ki karanta ta har ƙarshe.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Raina a ɓace shike, Uwani, ya ɓaci ƙwarai, kuma ke kinka ɓata shi. Da ɗaya ne cikin ƙannenki, da tuni an ji muryata har bakin kasuwa. Amma ke sunan uwata anka sa maki. Ba ni iya ɗaga maki murya, sunanki na yanka ma ban taɓa kama shi da bakina ba. Shi ya sa yau na zauna da biro da takarda kamar mai neman aiki, ina rubuta wa ɗiyar da na haifa abin da ya kamata in faɗa mata ido da ido.

Kada ki ce karatun nake ƙi. Ranar da kinka zo mani da labarin an ɗauke ki a makarantar hutun nan ta ƙasar waje, inda za a tara samari da 'yan mata daga ƙasashe daban-daban na 'yan makonni, a koya musu yadda ake raya ƙasashe masu fama da talauci, wallahi sujada na yi. Na ƙare ƙuruciyata ina malamin gona tsakanin Wurno da Goronyo. Na daɗe ina bin masu wanga aiki a baya, ina riƙe musu jaka, ina yi musu tafinta. Yau ɗiyata za ta zauna a ajin da ake koyar da su, ta ji da kunnenta dalilin da ya sa rijiyar wani gari ke rayuwa ta wani gari ta mutu. Wane uba ne zai ƙi haka? Ki tahi, ki koyo, kada ki bar musu komi a tukunya.

Abin da ya ɓata mani rai kin san shi. Ran nan da la'asar ina kishingiɗe a zaure, sai na ji muryar Yaya Ummaru, Baffanki, cikin gida. Na zabura ko takalmi ban sa ba, ina cewa yaushe Yaya ya taso daga ƙauye, ta ina ya wuce ban gan shi ba? Sai na iske ki ke kaɗai a gindin darbejiya, waya a hannu. Baffanki na cikin wayar, zaune bisa tabarma. Ga ƙofar gidanai a bayanai, ga rumbu, ga tsamiyar nan da duk ɗan garinmu zai gane ko daga barci ya tashi. Shina ba da labarin zamanai a hannun mutanen daji, 'yan bindigar da sunka sace shi. Ke kuwa kin bi kin rubuta Turanci a ƙasa, layi bayan layi, don kada kowa shi rasa ko kalma guda.

Na tsaya na saurara. Ya faɗi mashigin da anka ƙetare da shi. Ya faɗi dutsen da ke kusa da sansaninsu. Sannan ya ce a can ya ga fuskar wani ɗan garinmu shina kawo musu mai da burodi. Wagga magana ko ni da muke ciki ɗaya bai taɓa faɗa mani ba.

Na ce, "Uwani, wanga fa mi ne?"

Kinka ce, "Baba, aikin makaranta ne. An ce kowa shi zo da labari daga gida. Za a nuna a aji, waɗanda sunka fi kyau a sa su a shafin makarantar na intanet."

Na ce, "Shafin da kowa ke gani?"

Kinka ce, "Eh Baba, ai amfanin ke nan. Shirun ga da muke yi shi ya cinye mu. In ba mu faɗa ba, wa zai sani?"

Na juya na koma zaure, ke kuwa kinka ɗauka na yarda. Ban yarda ba. Bakina ne ya yi nauyi.

Kuma abin haushin, maganarki da gaskiya a ciki. Shiru ya cinye mu. An mayar da mutanenmu kamar kajin gida, a kama wanda anka ga dama, sauran su ci gaba da tsattsaga. Masu alhakin tsare mu sai a rediyo muke jin ta'aziyyarsu. Kina tsammanin ban so a yi ihu duniya ta ji? Ina so, har maƙogwaro ya tsage. Amma ki duba da wuyan wa za a yi ihun. Ke kina can inda ko sauro sai da izini zai cije ki, shi shina inda babur guda ya isa shi tashi gari. Malama mai raya ƙasashe, wanga lissafi ba a koya maki shi ba tukuna, to bari in koya maki da wautar da ni na yi, tunda ita kaɗai na tara da yawa.

Ina sabon malamin gona, da farar riga da ɗan Turancina da nake ji da shi, wasu baƙi sunka zo duba noman rani a wata fadama ta ƙasar Goronyo. Anka ce ni zan yi musu tafinta. Akwai wata tsohuwa, Hassi, mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona a can ƙarshen magudanar ruwa, tana noman albasa. Muna zagayawa sai ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ɗana, mai rabon ruwa sai ya ƙosar da gonakin manya, sannan shi sako mana ɗan abin da ya rage." Ni ta faɗa wa. Ni kuwa don baƙi su ga na san cikin gari, nan take na juye musu da Turanci. A wautata, abin da anka faɗa da Turanci ya tahi ke nan, ba shi dawowa ƙauye.

Baƙin nan mutanen kirki ne, abin ya taɓa su. A taron da anka yi kafin su wuce, gaban mai gari, gaban shi mai rabon ruwan, shugabarsu ta miƙe ta ce a duba kukan Hassi, har tana nuna ta da hannu. Anka tafa. Mai rabon ruwa ya fi kowa tafawa. Baƙi sunka shiga mota cike da murna sun yi aikin alheri. Wannan ranin ruwa bai ƙara isa gonar Hassi ba. Kullum da dalili: yau ƙofar ruwa ta lalace, gobe yashi ya toshe hanya. Albasarta ta ƙone a tsaye. Daga baya na gamu da ita a kasuwa, na gaishe ta ina sunne kai. Ta ce, "Lahiya lau, Malam. Baƙinka sun isa gida lahiya?" Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce.

Don haka ki riƙe wanga. Abin da mutum ya faɗa maki da murya ƙasa, ke ya faɗa wa, ba ajinku ba. Kuma kyakkyawar niyya ba ta tsare kowa. Baƙo raɓa ne, da hantsi ya yi ya tahi, wanda ya yi maganar shi ke kwana da waɗanda anka yi maganar a kansu. Duk ranar da malamanku sunka nuna maku aikin da ya yi nasara, ki ɗaga hannu ki tambaya: mutumin ga da ya yi magana a hoto, mi ya same shi bayan an naɗe tabarma? In sun sani, malaman kirki ne, ki liƙe musu.

Kin ce na yi hankali daga nan? Ina! Ta biyun ta fi muni. Kin san ta, kowa a danginmu ya san ta, ba asiri ba ce. Amma kina ƙarama lokacin, bari ki ji ƙaƙa anka yi.

Sa'an nan muna zaune a garinmu. Kin ga ko a wagga takarda ban rubuta sunan garin ba, ke da kinka sa shi da manyan baƙaƙe a farkon bidiyonki. Mutanen daji sun fara taɓa ƙauyukan wajen Shinaka, amma mu ba su iso gare mu ba. Sai wata ƙungiya ta aiko ma'aikata su yi tambayoyi a kan yadda albasa ke ruɓewa a wurin ajiya. Sunka neme ni, na shiga gaban mota na kawo su. Babbar farar mota ce mai dogon ƙarfe a ka. Direba ya tsaya a ƙofar gidana. Na ce, "A'a, ƙara gaba kaɗan, ƙofar Yayana." Domin a wurinmu ƙane ba shi saukar da manyan baƙi wansa na cikin gari. Girma na babba ne. Da na bar motar nan a ƙofata, da har yau ana cewa boko ya sa na raina Yaya.

Motar ta wuni a ƙofar Yaya tun hantsi har la'asar. Ya yanka musu kaji, anka dama fura. Sunka yi tambayoyinsu, sunka rubuta, sunka yi godiya. Abin da sunka bari duka-duka hulunan rana ne masu tambarin ƙungiya. Ni kuwa ina ta washe baki, gari ya ga farar mota a ƙofar gidanmu. Gari ya gani kam. Infoma, mai kai wa mutanen daji rahoto, shi ma ɗan gari ne, ya gani.

Ba a kai ga cirar albasa ba mutanen daji sunka zo, da rana tsaka. Sunka wuce gidan mai gari, sunka wuce gidana, sunka miƙe ƙofar da motar ta tsaya. Abin da suke ta tambayar Yaya a daji guda ne: ina kuɗin da Turawa sunka kawo maka? Shina rantsuwa, suna dukan ƙafa. Kin san abin da munka sayar kafin a sako shi, kin san yadda ƙafar ta koma. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ƙarya ne! Ni na ja, Yaya ya sha dukan.

Na kira mutanen ƙungiyar ina kuka. Sunka yi jaje, kuma na yarda har zuciyarsu ne. Sannan sunka ce daga yanzu an hana ma'aikatansu shiga yankinmu saboda hatsari. Kin ji? Hatsarin da motarsu ta nuna wa hanya, shi ne dalilin da ba za su ƙara zuwa ba. Na riƙe wayar cikin haushi, na rasa wanda zan zaga, su ko ni. Bayan haka na kwaso ku munka dawo Wurno. Yaya ya ce shi ba inda za shi, nan anka binne uwayenmu, nan gonatai take. Yanzu garin zaune shike bisa abin da suke kira sulhu: a ba su abin da sunka yanka, a noma musu in sun ce, a kama baki. Wanda ya yi magana ya karya sulhu, kuma ba shi kaɗai zai biya ba.

To ni mota guda na kai ƙofatai, ta wuni guda, mutanen gari guda sunka gani. Ke duniya za ki kai mashi, ki ajiye ta nan ba ranar tashi. Ko kina tsammanin mutanen daji ba su da waya? Haba Uwani! Sun fi ki waya, sun fi ki lokacin kallo. Yaro guda a Sakkwato shi ga bidiyon, shi tura wa abokinai a Goronyo don tausayi, kafin a yi sallar magariba ya isa hannun mai kai musu burodi. Shi kuwa ya san wa ya gan shi a daji. Ga damina, gero ya fi mutum tsawo, ko a bayan gidanka anka taru ba ka gani.

Abin da nake so ki koya a nan: kafin ki ɗora wa mutum girma, ki duba ko wuyanai zai ɗauka. A aikin da za ki koyo, ido ma kaya ne. Duk wanda kunka nuna, kun ɗora mashi wani abu, ko da ba ku ba shi ko allura ba.

Ta ukun a kanki na yi ta, kuma ita ta fi ci mani rai yau. Kina 'yar firamare, in baƙi sun zo sai in kira ki in tsayar da ke gabansu, in ce gaishe su da Turanci, faɗa musu abin da kike so ki zama. Su tafa, su ɗauki hoto, ni in kumbura kamar an naɗa ni sarauta. Ni na koya maki cewa tafin baƙo shi ne lada. Kuma ban taɓa tsawata maki ba, in kin yi laifi sai in ce a bar mani uwata. Ga shi kin girma da kai mai kyau da zuciya mai kyau, amma in kin hango tafi ba ki ganin ramin da ke gabanki. Kada ki yi musu. Na ga fuskarki ranar, fuskar wadda ta san nata zai fi na kowa ce. Kuma zai fi. Wa zai zo da labarin da ya kai na Baffanki? Ɗan ƙasar da ba a taɓa jin harbi ba? Za su yi hawaye, su rungume ki, watakila har su ba ki takardar yabo. Sai mi?

Na san amsar da kike shiryawa. Za ki ce ai kin nemi izini, ya ba ki. A makarantar ma za su koya maku haka, kada a ɗauki mutum sai da yardatai. To ki kai wa malaminku wagga tambaya daga wurina. Ki ce a garinmu akwai dattijon da yarinya mai sunan uwatai ta zo mashi yawon Sallah, ta durƙusa ta ce, Baffa ba ni labari. Dattijon nan tun da anka haife ta bai taɓa ce mata a'a ba, don in ya dube ta mahaifiyatai shike gani. Ki tambaye shi, malam, wanga izini ne? Kin san ba shi iya hana ki, Uwani. Kin sani sarai, da shi kinka yi aiki. Wannan ne abin da na kasa haɗiyewa. Baƙi sun cuce mu cikin rashin sani, ke 'yar gida ce.

Ga abin da nake so. Ki goge shi. Daga waya, daga kwamfuta, daga duk inda kinka ajiye ko kinka tura. Kada ki ce za ki rufe fuska ki bar murya, duk ƙasar Goronyo an san muryar Yaya Ummaru, shekara nawa shina kiran salla. Kada ki ce a aji kaɗai za a nuna. Ajin da kowa ke riƙe da waya ba ɗaki ba ne, kasuwa ce.

In dole sai kin kai musu labari, ki tashi ki faɗa da bakinki, ba suna, ba gari, ba tsamiya. Ko ki ba su nawa. Na ba ki, kuma ni izinina na gaskiya ne, don ga shi kin ga na iya ce maki a'a. Ki ce ubanki tafinta ne da ya ƙone albasar tsohuwa da Turanci, ya karya ƙafar wansa da ladabi. Su yi dariya in sun so, su yi nazari a kai in suna da hankali. Ba zai sa kowa kuka ba, watakila ba za a sa shi a shafin ba. Ki zo ta ƙarshe a ajin, ni ban damu ba.

Sauran kuma ƙanana ne amma ki kiyaye. Kada ki sa hoton jirgi ko na makarantar a waya. A unguwa mun ce kina Sakkwato wurin gwaggonki kina karatun hutu. Shi ya sa na hana ki zagayen ban kwana gida-gida kamar yadda anka saba, ba don ban san ya kamata ba. In anka ji ɗiyar ƙanen Ummaru tana ƙasar Turawa, wasu za su fara lissafi. Ni da furfurata nake ƙarya a bakin masallaci saboda ke, kada ki kunyata ƙaryar. Ki riƙe sallarki ko da lokutansu sun rikice maki. Ki ci abin da kinka gane. Ki yi abota da 'yan ƙasashen da ke da irin ciwonmu, ki tambaye su ƙaƙa sunka yi, za ki samu a wurinsu abin da babu a allo. In wani ya yi magana a kan talakawa kamar shina maganar awaki, ki gyara mashi cikin ladabi, amma ki gyara. In anka tambaye ki abin da ba ki sani ba game da mutanenki, ki ce ba ki sani ba. Ba a naɗa ki wakiliyar kowa ba.

Yanzu ki ji abin da ya sa na kasa bari ki tahi da shiruna.

Bayan kin wuce Sakkwato, na hau kabu-kabu na tahi garinmu. Rabona da hanyar nan tun da munka taso. Niyyata in sa Yaya shi kira ki da kanai shi ce ya janye. Na shiga gidan na iske shi tsit. Ba hayaƙi a madafa, ba akuya a turke, ba yaro ko guda. Yaya na zaune a ƙofar ɗaki shina gyaran ƙotar fartanya, sandatai a gefe.

Munka gaisa. Na ce, "Yaya, ina mutanen gidan?"

Ya ce, "Na kai su Rabah, wurin surukaina. Na ce ma mutane gaisuwar rashin lahiya sunka tahi."

Na ce, "Wa ba shi da lahiya?"

Ya dube ni ya ce, "Kai ma ka sani."

Ashe ya sani, Uwani. Ni na zo da shirin in yi mashi bayanin intanet kamar wanda bai san komi ba. Tun ranar da kinka kashe wayar kinka yi mashi godiya ya san abin da ya yi. Ya sayar da awakin a hankali don kada a lura. Ya fitar da matatai da yara kaɗan-kaɗan, ranar kasuwa.

Na ce, "To don mi ka faɗa mata? Don mi ba ka ce a'a ba?"

Ya ce, "Inna ta tambaye ni, in ce mata mi? Kuma ta ce mutanen duniya za su ji. Na daɗe da abin ga a ciki, Malam. Da ta tambaya sai ya hito."

Na ce, "To tashi mu tahi. Ka zauna wurina a Wurno har abin shi wuce."

Ya girgiza kai. Ya ce, "In sun zo ba su iske ni ba, maƙwabta za su ɗauka. Su mi sunka yi? Ni na yi magana, ni za su iske."

Na yi faɗa, na yi magiya, har na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa Yaya murya a cikin gidanai. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce kada in kuskura in takura maki, karatu ne, ba a shiga tsakanin yaro da karatunai. Abu guda kaɗai ya roƙa. Ya ce, "Ka tambayo mani ita ranar da za a nuna. In na san ranar, sai in daina zuwa gona da yaran mutane."

Haka na baro shi. Shina dafa wa kanai abinci, mutumin da bai taɓa hura wuta ba. Kullum bayan la'asar shina jan ƙafar nan zuwa tudun bayan gari inda waya ke kamawa, shi zauna har rana ta yi ja, ko za a kira a faɗa mashi ranar. Ni ba zan kai mashi wagga amsa ba. Lambatai na cikin wayarki. Kafin ki taka matakalar jirgi ki kira shi da bakinki, ki gaya mashi ɗaya cikin biyu: ko ranar, ko shi aika Rabah a dawo da iyalinai gida.

Allah shi kai ki lahiya, shi dawo mana da ke lahiya. Allah shi ba ki ilimi mai amfani, shi raba ki da wanda za a yi kuka da shi. Allah shi tsare gabanki da bayanki, shi tsare bakinki da hannunki. Ina fushi da ke, kuma ban fasa sa maki albarka ba. Allah shi yi maki albarka. Shi kuma wanda ke zaune bisa tudu shina jiran kiranki, Allah shi kai shi gobe.

Wassalam.

Mahaifinki.